Rigar Leda Mai Aljihu

Ranar da zan koma ɗakina bayan wankan jego, tun daga tashar Takieta bakina ya ƙi rufuwa. Haihuwar fari ce, a gidanmu na yi ta kamar yadda aka saba. Na sha wankan ruwan zafi safe da yamma, na sha kunun kanwa har na tsani ganin ludayi, na yi ƙiba, na yi haske. An yi mini ƙananan kitso, an zana mini lalle har gwiwar hannu. A cinyata ga yarinya cikin farin tawul, ni kuwa sai murmushi nake yi wa gilashin mota, ina yi wa itatuwan hanya, har da wani jaki da muka wuce. Goggona da ta rako ni ta mintsine ni ta ce, “Ke, rufe bakin nan mana, ana kallonki. Sai ka ce kanki farau haihuwa.” Na rufe. Kafin mu kai kwana ta gaba ya sake buɗewa da kansa.

Maigidana ma'aikacin jinya ne a gidan likita. Mutanen unguwarmu a Birni lokotoro, wato likita, suke ce masa, shi kuma kullum cikin gyara musu yake, wai shi allura ce aikinsa da wankin ciwo. Mutum ne mai barkwanci. In ya dawo daga aiki, yana cin tuwo yana kwaikwayon yadda wani ƙaton mahauci ya suma don ganin allura, har sai na riƙe ciki ina roƙonsa ya bari. A banɗaki waƙa yake yi da muryar da ko akuya ba za ta yi alfahari da ita ba. Wannan mutumin na bari da na tafi da tsohon ciki, shi kuma nake sa ran samu.

Ina Takieta korona ta shigo. Mu a can a rediyo muke jin ta, sai kuma a bakin 'yan kasuwa, wasu su ce ƙarya ce, wasu su ce ta cinye Turai. Maigida bai zo suna ba. Ya aiko da rago, ya faɗa wa babana sunan ta waya, ya ce aiki ya riƙe shi. Ban sa abin a raina sosai ba, don ko ya zo ba duban yarinyar zai yi a gaban mutane ba. 'Yar fari ce. Uba mai kunya ba ya ɗaukar ɗan farinsa a idon jama'a, ba ya kiran sunansa, uwa ma haka. Ni kaina in za a miƙo mini ita sai in kau da kai kamar an ba ni ajiyar wani, alhali da an fita nake sa kunnena a ƙirjinta in ji ko tana numfashi. Tsoro dai Allah ya yi ni da shi. In ta yi barci da yawa in tsorata, in ta ƙi barci in tsorata.

Mota ba ta shiga lungunmu, da ƙafa muka ƙarasa, sabon takalmina yana nutsewa cikin rairayi. A zaure, inda na saba jin ƙanshin turaren Inna, mahaifiyar maigida, sai warin jabel, ruwan nan na kashe ƙwayoyin cuta, ya tare ni. Ga bokitai, ga buta, ga sabulu a kan bulo, ga igiya an shanya farar rigarsa. Na shiga tsakar gida mata suna guɗa. Inna ta karɓe yarinya tana juyi da ita. Ƙanwarsa, wadda tela ce kuma sa'ata, ta ja gyalena tana cewa, “Wai! Mutanen Takieta sun kiwata mana saniya!” Ina dariya, ina satar kallo, ina nemansa.

Can na hango shi jikin katanga, gefen turken tumaki, takunkumi a fuska. Da ba don tsayuwarsa ba da ban gane shi ba. Riga ta yi masa yawa. Ya ɗora hannu a ƙirji ya ce, “Sannunku da hanya,” idonsa a kan bango. Inna ta matsa da yarinyar wajensa don tsokana, sai ya ja da baya da sauri har ya taka kwanon ruwan kaji, ya fice.

Gida ya ɗauki shewa. Inna ta ce, “Kun gani ko? Ubansa sak! Allah ya jiƙan mai gidan nan, haka ya shekara bai dubi wannan yaron ba. 'Ya'yan yanzu masu rungumar ɗan fari suna foto, su zo su ga ɗan asali.” Ni ma kaina ya kumbura. Na ce a raina, bari dai mutane su watse.

Mutane suka watse, goggo ta koma, shi kuwa bai shigo ba. Shimfiɗarsa tana zaure, kwanonsa daban, kofinsa daban. In ya dawo daga aiki a nan yake tuɓewa, ya jiƙa kayan cikin jabel, ya yi wanka, ya zauna, ya sake tashi ya wanke hannun da bai taɓa komai ba. A garin da muke kasa kunne da sassafe ko pampo zai kawo, shi kaɗai bido-bido, jarka bayan jarka, yake ƙararwa. Mai garuwa har gaisuwa ta musamman yake yi masa. Na ga hannun ranar da na kai masa fura: ya tsattsage kamar ƙasan tabki a bazara, tsakanin yatsu har da jini-jini. Furar kuwa da yamma na ɗauko ta yadda na ajiye, ƙudaje ne kawai suka gode.

Na san kunya. Ba a lekol, makarantar boko, na koye ta ba, don ban daɗe a can ba, a gida na gan ta. Yayana da aka haifa masa ɗan fari, in yaron yana tsakar gida ta bayan rumbu yake zagayawa. Amma ni da idona na kama shi wata rana kowa yana gona, ya ɗora yaron a ciki yana hura masa iska a cibiya, yana yi masa magana da wata 'yar murya kamar ta tsohuwa. Kunya don idon mutane ake yin ta. In ba kowa, takan huta. Ta maigidana ba ta hutawa.

Na gwada shi. Inna ta tafi barka, ƙanwarsa tana ɗakinta keke yana ƙara, na shimfiɗa yarinya a tabarma a inuwa, na shige madafa na laɓe. Ya fito daga zaure ya tsaya nesa, kamar tsakanin liman da sahun mata. Ya daɗe yana kallonta. Sai ta yi atishawa, 'yar ƙarama kamar ta kyanwa. Na ga ya ɗaga agogonsa, idonsa a kan cikinta, leɓensa yana motsi. Numfashinta yake ƙirgawa. Washegari ya sake yin haka a gaban Inna, ta ce, “Allah sarki, addu'a yake tofa mata daga nesa.” Ta fita ta ba maƙwabta labari.

A waje ma ba sauƙi. 'Yan fadarsu, da suke shan shayi tare tun suna samari a gindin dutsen bayan gidanmu, sun kasu biyu. Wasu suna cewa babu wata cuta, su lokotoro ne ke cin kuɗin Turawa, ya sam musu mana. Wasu kuma in sun hango shi sai kowa ya tattara takalminsa. Wanzaminsa ya ce askarsa ta dakushe. Ya daina fita sai aiki. Waƙar banɗaki ta mutu, sai ƙarar ruwa kawai.

Na je wa Inna da maganar ina murza bakin zane. Na ce, “Inna, ni fa ina ganin ba kunya ba ce.” Ta ce, “To mece ce? Ke yarinya ce. Ki gode wa Allah da ya ba ki mai kara.” Ban ga laifinta ba. Shi ne nata ɗan farin. Tunda ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, balle ta zauna ta dube shi ido cikin ido ta ce me ke damunka. Ramar da nake gani, ita ta gefen ido take ganinta. Na ce a raina, in na zuba ido mutumin nan zai narke a zaure ana yabonsa.

Wata ranar hutunsa, bayan azahar, na kai masa dambu na ƙi tafiya. Na zauna a bakin ƙofa. Ya ce, “Matsa baya kaɗan.” Na matsa. Na ce, “Malam, yarinyar nan wani abu ta yi maka?”

Ya ture kwanon dambun gefe. Sannan ya ce majonsu, babban da ya koya masa aiki, wanda ya riƙe masa hannu ranar da ya fara yin allura, cutar ta kama shi. Shi ya tashi, amma kafin a gane ya riga ya kai ta gida, matarsa ba ta tashi ba. Yanzu majon yana zuwa aiki, yana zama, ba ya magana da kowa. Ya ce, “Kullum ina cikinta tsundum. Ban san ranar da zan ɗauko ta ba. In na ɗauki yarinyar nan wani abu ya same ta, ko ke, ko Inna, ina zan sa kaina?” Ya dubi tafin hannunsa. “A can kowa ina taɓawa. In ɗaga, in juya, in shafa baya. Amma a can akwai riga.”

Na ce, “Wace riga?”

Ya ɗago wayarsa daga inda yake ya nuna mini foto. Wani abu fari fat tun daga kai har ƙafa, da tabarau kamar idon kwaɗo, ba ka ce mutum ne a ciki ba. Ya ce shi ne. Na ce, “To ka zo da guda gida mana.” Ya ce su ma can ba ta isar su.

Na tashi zuciyata tana tsalle. Riga! Ashe duk abin riga ce! Ban zame ko'ina ba sai ɗakin ƙanwarsa. Na rufe ƙofa na ce, “Ke, uwar keke, kin iya ɗinka leda?” Ta ce, “In kika kawo mini iska ma sai na yi mata wuya da hannu.” Na zayyana mata komai. Idonta ya kawo ruwa, ta goge da bakin ɗankwali, sannan ta ce, “A ina za mu samu leda mai tsawon yaya?”

Katifar aurena har lokacin tana cikin ledarta. Ban taɓa yarda a cire ba, ko da yake in mutum ya juya a kanta duk gida sai an ji. Leda ce mai kauri, ina ji da ita. Muka shiga, muka sauko da katifa, na miƙa mata almakashi na rufe idona. Da na ji ƙyat na farko na ce, “Wayyo kayan ɗakina!” Ta ce, “Yi mana shiru, saniyar Takieta. Miji ko leda?” Na ce, “Bari in yi tunani.” Muka zube kan katifa muna dariya har yarinya ta farka.

Da rigarsa ta Juma'a muka yi awo. Allurar keke tana yaga leda, sai ta yi dabara ta bi kowace gaɓa da ƙyallen atamfa, ragowar ɗinkin mutane, nan ja, nan kore, nan mai zanen kifi. Ledar katifa ba ta kai hula ba, muka yanko ledar teburin Inna mai furanni, ta baya inda ba a gani. Tabarau irin na 'yan kabu-kabu masu babur ta sayo a kasuwa. Safar hannu kuwa ta roba ce, wadda muke sawa in mun ƙunsa lalle.

Na je ba yarinya nono, na dawo na tarar ta ɗora aljihu a ƙirji, har da surfani a bakinsa. Na ce, “Aljihun me? A foton babu aljihu.” Ta ce, “Ni rigar namiji ba ta fita daga hannuna ba aljihu. Ina zai sa goro?” Na ce ba ya cin goro. Ta ce zai koya.

Inna ta leƙo ta ce me ake ta ƙus-ƙus ana rufe ƙofa. Muka haɗa baki muka ce rigar ruwa ce, damina ta kusa. Ta dubi sama, rana kamar za ta fasa dutse, ta ce, “Allah ya kawo ta,” ta wuce. Na cusa ɗankwali a baki.

Da aka gama sai tsorona ya dawo. In ya ji haushi fa? In ya ce mutane suna mutuwa mu muna ɗinka furanni? Har na ce wa ƙanwarsa mu ƙona ta. Ta ce sai dai in ƙona da ita a ciki.

Muka jira hutunsa na gaba. Inna ta fita gaishe da wata ƙawarta, shi kuma ya yi wanka, ya ƙara wani. Na shiga zaure da rigar a ninke kan faifai kamar kayan salla, na ajiye na ja da baya, ƙanwarsa tana bayana ta riƙe mini zane. Na ce, “Malam, ka ce sai da riga. Ga riga.”

Ya ɗaga ta da yatsu biyu. Ta warware har ƙasa, ja da kore da kifaye, hula mai furanni tana lilo. Ya dube ta, ya dube mu. Ya juya ta. Idonsa ya faɗa kan aljihu.

Abin da ya fara fitowa daga bakinsa kamar tari ne, har shi kansa ya firgita ya dafe ƙirji. Sai wani ya biyo. Sai ya zube kan tabarma ya rungume leda, kafaɗunsa suna rawa ba sauti, sannan sautin ya ɓalle gaba ɗaya har tumaki suka amsa. “Aljihu!” yake cewa. “Wayyo Allah, aljihu! Har da surfani!” Hawaye suna bin gefen takunkumi. Ƙanwarsa ta ce, “Yaya, in ba ka so a mayar wa katifa abinta.” Ya ce, “Wannan ko sauro ba za ta tare ba. Ku dubi ramukan allura, sai ka ce rariya.” Gabana ya faɗi, na ce shi ke nan. Sai na ga yana zura hannu.

Muka ɗaure masa igiyoyin baya da tsinin yatsu, yana cewa mu yi sauri mu matsa. Ya sa tabarau, ya ja hula. Kafin ya taka tsakar gida gumi ya fara gudu cikin ledar, ana ganinsa. Yana tafiya ƙafafu a buɗe, ƙaras, ƙaras, kaji suka watse, tunkiya ta nemi tumɓuke turke. Ni dariya, ni kuka, ni addu'a, ban san wanne nake yi ba.

Yarinya tana kan tabarma a inuwar ɗakina. Ya durƙusa, leda ta yi ƙara kamar za ta fashe. Mutumin da yake juya ƙattin marasa lafiya shi kaɗai, sai ga shi ya rasa inda zai kama. Ya ce, “Ta ina ake farawa?” Na ce, “Tallabi kanta.” Ya tallaba, ya ɗago ta. Na jira ta tsala ihu, don ni kaina da na gamu da wannan halitta a lungu da na zubar da abin da ke hannuna. Ba ta yi ba. Ta zuba wa furannin hular ido, ta buɗe bakin nan ba haƙori ta yi hamma. Ya ce, da ƙyar ake jinsa, “Ashe haka take da nauyi.”

Ba mu ji sallamar Inna ba. Ashe ba ta tarar da ƙawar tata ba, ta juyo. Abin da muka ji kawai shi ne, “Innalillahi! Jama'a ku kawo ɗauki! 'Yan korona sun zo ɗauke mini jika!” A lokacin raɗe-raɗi ya cika gari, wai masu fararen kaya suna shiga gida su tafi da mutum. Tsohuwar da kullum take kukan gwiwa, ban san lokacin da ta tsallake turmi ta zari muciya ba. Muna “Inna! Inna, tsaya!” ina, ta riga ta sauke masa a gadon baya. Tim! “Ajiye ta, azzalumi! Lafiyarta lau! Atishawa ce kawai!” Tim!

Shi kuwa bai ajiye ba, bai gudu ba. Ya ba ta baya ya dunƙule, ya ƙanƙame yarinyar a ƙirji da hannu biyu. Yana dunƙulewa ɗinkin gaba ya ce ɓarrr, daga wuya har ciki, aljihu da surfani suka yi gefe. Inna ta cafko hula ta fizge, furannin teburinta suka zo mata a hannu.

Ta tsaya, muciya a sama. Ta dubi hular, ta dubi ƙeyar da ta haifa. Ya juyo a hankali. Tabarau ya karkace, gumi da hawaye sun jiƙa masa fuska, kuncin yarinya kuma yana manne da singiletinsa, babu leda tsakaninsu.

Inna ta buɗe baki, kuma na san abin da ke kan harshenta: a gabana, 'yar fari? Amma ba ta faɗa ba. Karo na farko da na taɓa gani, ta dubi ɗanta sosai. Ta dubi ƙasusuwan wuyansa, ta dubi hannun da safar lalle ta zame daga kansa. Muciya ta sauko a hankali.

Shi ya fara dawowa hayyacinsa. Ya ga rigar ta yage, ya miƙo mini yarinya yana cewa, “Karɓi, karɓi maza, rigar ta buɗe!”

Wallahi hannuna har ya tashi da kansa. Duk tsoron da na taɓa ji ya taru ya dawo mini. In fa gaskiyarsa ce? Amma na san in na karɓa zaure zai koma, kuma wannan karon ko rigar ƙarfe ba za ta fito da shi ba. Na mai da hannuwana baya na damƙe su, na sunkuyar da kai na ce, “Ni? A gaban Inna? 'Yar fari ce fa, Malam. Kunya nake ji.”

Ya juya wajen ƙanwarsa. Ta ɗaga tafukanta ta ce, “Man keke, yaya. Duk hannuna man keke ne.” Ko ɗigo babu.

Ya ce, “Inna…” Ta sa bakin mayafi ta share fuska, ta ce da bango, ba da shi ba, “A ce wa mutumin nan ya zauna, tsayuwa da jariri ba kyau. Ni alwala zan yi.” Ta ɗauki buta. Har ta kai bakin banɗaki ta waiwayo ta ce, “Wace marar mutuncin ce ta yanka mini ledar tebur?” Ni da ƙanwarsa muka koma kallon kaji.

Ya zauna a kan kifaffen turmi, rabinsa a leda, rabinsa a waje. Na ɗauko mafici ina yi musu fifita daga gefe. Yana ta cewa ya dai yi wanka, har sau biyu ya yi, takunkumin ma sabo ne, kamar mai kare kansa gaban alƙali. Ina cewa e, na gani. A hankali maganar ta ƙare. Yarinya ta kama bakin singiletinsa da 'yan yatsunta ta yi barci. Can ya rage murya ya ce, “Yaya ake ajiye ta ba ta farka ba?” Na ce ni ma ban taɓa iyawa ba. Haka ya zauna, bayansa inda muciya ta sauka ya tashi, ƙafarsa ta sage, bai motsa ba.

Ba zan ce daga ranar ya warke ba. Kwanakin da suka biyo baya ba mu da aiki sai taɓa goshinta, shi ya taɓa, ni in taɓa, har Inna ta ce za mu goge mata fata. Allah ya tsare, ko mura ba ta yi ba. Ya ci gaba da kwana a zaure har cutar ta lafa, kuma akwai ranakun da yake dawowa ba ya iya magana da kowa. Amma ko a irin waɗannan ranakun, in ya gama wanka ya canza kaya, sai in ji takunsa ya ratso tsakar gida, ya tsaya a bakin ƙofata, ya yi gyaran murya ya miƙo hannu biyu.